Jinyar Ɗinkin Karya Bayan Tiyatar Cire Mahaifa

A Wushishi da Zungeru da ƙauyukan da ke bin gaɓar Kogin Kaduna, kare ma'aikaci ne. Shi ke kwana a gindin rumbu, shi ke bin makiyayi, shi ke shiga daji da mafarauta idan an kawar da amfanin gona. Tun da matsalar tsaro ta addabi wannan ɓangare na Jihar Neja kuwa, mutane da dama sun ƙara sanin darajar haushin da ke tashinsu cikin dare. Sai dai mai karya yana da damuwar da mai kare namiji ba shi da ita. In lokacinta na barbara ya zo, karnukan unguwa kaf sai su tare a ƙofar gidansa, ana faɗa ana cizo, yara na tsoron fita. Bayan kwana 63 ko kusa da haka ta zube 'yan kwikwiyo shida ko takwas, a yi ta neman mai karɓa a rasa. Ga kuma ciwon da ke tara mugunya a mahaifa, wanda binciken da aka yi a Suwidin ya nuna yana kama kusan ɗaya cikin huɗu na karyoyin da ba a yi wa tiyata ba kafin su cika shekara 10. Waɗannan su ne dalilan da ke sa mutum ya ɗauki karyarsa ya kai wa likitan dabbobi a cire mata mahaifa da ƙwayayen haihuwa gaba ɗaya.

Aikin likita da wuya ya wuce awa guda. Ragowar aikin, kwana 10 zuwa 14, a tsakar gida ake yin sa, a hannun mutumin da bai taɓa ganin ɗakin tiyata ba. Abin da nake so in tsaya a kansa shi ne wannan: ɗinki mai tsabta tsaro yake buƙata da ido, ba yawan shafe-shafe ba. Sau da yawa tausayinmu da gaggawarmu su ke ɓata aikin da likita ya gama lafiya.

Ya kamata mai karya ya san abin da ke ƙarƙashin layin da yake gani a cikinta. Likita kan aske gashin wurin, ya tsaga daga ƙasan cibiya zuwa wajen mara, ya ratsa fata da kitse, sannan ya buɗe wata farar jijiya da ta haɗa naman ciki na dama da na hagu. Ta nan yake zaro ƙwayayen biyu da mahaifar, ya ɗaure jijiyoyin jini da zare, ya yanke. Wajen rufewa hawa uku yake ɗinkawa: farar jijiyar nan tukuna, sai kitsen da ke ƙarƙashin fata, sai ita fatar. Ɗinkin da ido ke gani shi ne mai sauƙin haɗari. Na can ciki shi ke riƙe da hanji, kuma shi ya fi jinkirin kamawa.

Kwana uku na farko jiki yana share wurin ne, shi ya sa ake ganin ɗan ja da ɗan kumburi, in aka taɓa gefen a ji ɗumi kaɗan. Wannan ba abin tashin hankali ba ne. Inda ake samun ruɗu shi ne daga kwana na uku zuwa na biyar. Zafi ya ragu, karya ta ware, ta soma kaɗa wutsiya tana neman fita, mai gida ya ce ai ta warke. Alhali a daidai lokacin naman bai kama juna ba, zare ne kaɗai ke riƙe da komai. Masana tiyata sun auna cewa bayan mako uku tabo bai wuce kashi 20 cikin 100 na ƙarfin fatar asali ba, kuma ko bayan watanni da yawa a wajen kashi 80 yake tsayawa. Ke nan walwalar karya ba ita ce ma'aunin warkewa ba. Kwanaki ake ƙirgawa.

Abokin gaba na farko yana bakinta. Magana ta zauna a wurin mutanenmu cewa yawun kare magani ne, a bar shi ya lashe ciwonsa. Akwai abin da ya sa maganar ta yi tasiri: karen da ƙaya ta yaga a daji, in ya lasa, yana fitar da yashi da datti, kuma ba shi da wata dabara sai wannan. Amma ciwon tiyata an riga an wanke shi, an rufe shi. Harshe ba abin da zai cire a wurin, sai dai ya kawo. Bakin da ke cin mushe da ƙazantar bola shi ne zai jiƙa ɗinkin, ya tausasa fatar, ya cusa ƙwayoyin cuta ta ramukan allura. Idan ƙaiƙayin warkewa ya taso kuma, lasa ba ta isar ta, sai ta sa ƙananan haƙoranta na gaba ta kama ƙullin zaren ta ja. Dare ɗaya ya ishe ta ta warware ɗinkin fata duka, wani lokaci har ta kai ga na ciki.

Maganin wannan shi ne a raba baki da ciki. Asibitocin dabbobi na sayar da wata roba mai siffar mazurari da ake sa wa a wuya, amma ba lallai a same ta a kasuwar Wushishi ba, kuma babu dalilin jira. Ƙaramin bokitin roba ya wadatar. A yanke gindinsa a fitar da rami daidai yadda kan karyar zai shige, a naɗe bakin yankan da tsumma ko filasta don kada ya goge mata wuya, a huda ƙananan ramuka huɗu a kewaye, a zura igiya mai laushi a ɗaure da abin wuyanta. Yatsu biyu su iya shiga tsakanin igiyar da wuya. Bakin bokitin kuma dole ya zarce ƙarshen hancinta, in ba haka ba za ta lanƙwasa ta kai. Da an sa mata za ta ƙame wuri ɗaya, ta yi ta tafiya da baya, ta bugi bango, ta zuba wa mutum ido. A nan ne yara za su fara: "Baba, don Allah ka cire mata, ko ruwa ba ta iya sha." Amsar ita ce a sake mata ƙaramin kwano, a ɗora shi a kan dutse ko bulo yadda bakinta zai kai. Cikin kwana ɗaya ko biyu takan saba. In har sai an cire don ta ci abinci, wani ya tsaya a kanta, da ta gama a mayar. Da dare kuwa ba a cirewa ko kaɗan, domin lokacin ne babu mai gani.

Wasu kan ƙara da sa mata tsohuwar singileti, a ɗaure ta baya. Yana taimakawa wajen kare ƙura, da sharaɗin a sauya kullum, ta kasance busasshiya, kuma an goge ta da dutsen guga. Dalilin gugar ya kai mu ga abokin gaba na biyu, wanda shawarwarin da ake rubutawa a Turai da Amurka ba su cika ambatonsa ba saboda karnukansu a cikin ɗaki suke kwana.

Ƙuda ne. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ƙuda ma ɗan jiƙe-jiƙen jini ko ruwan ciwo yake nema. Akwai irin da ke sauka a gefen miki ya zuba ƙwai, kuma a zafin ƙasarmu ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko ƙasa da haka. Tsutsar ta nutsa cikin nama, ramin ya yi zurfi alhali bakinsa ƙarami, sai wari ne zai tona asiri. Akwai kuma wani irin, sananne a duk Afirka ta Yamma, da ba ya ma buƙatar ciwo. Shi a ƙasa mai yashi da fitsari ya jiƙa yake zuba ƙwansa, ko a tufafin da aka shanya a ƙasa. Dabba ta kwanta a wurin, tsutsa ta huda lafiyayyar fata, a wayi gari da ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Cikin karyar da aka aske, babu gashin da zai kare shi, shi ne ke taɓa ƙasa in ta kwanta. Zafin dutsen guga na kashe ƙwan da ke jikin tufafi. A damina, kusa da fadamun shinkafa da garken shanu, wannan haɗari ya fi yawa.

Saboda haka wurin kwanciyarta rabin jinya ne. Ɗakin ajiya ko wani lungu na zaure mai daɓen siminti, wanda aka share, aka shimfiɗa busasshen buhu ko tsohuwar tabarma, ya fi gindin bishiya nesa ba kusa ba. Kada a haɗa ta da turken awaki ko akurkin kaji. Tsohon gidan sauro da aka daina amfani da shi, in aka rataya shi a kanta ko a ƙofar ɗakin, yana aikin da magani mai tsada ba zai yi ba. A fitar da ita da igiya sau uku ko huɗu a yini ta yi fitsari da kashi, a dawo da ita. Babu wanka, babu shiga kogi, babu taɓon fadama, har sai an cire zare. Mai karyar farauta ya ƙara kula: in ta ji ƙaho ko ta ji 'yan'uwanta sun fita, za ta yi yunƙurin haura katanga, kuma tsalle ɗaya na iya tsinka ɗinkin ciki ko da na waje bai motsa ba. Haka nan karnuka maza. Idan an yi tiyatar daf da lokacinta, ƙamshin da ke jawo su ba ya gushewa nan take, kuma in namiji ya hau ta yana iya fasa inda aka ɗaure a ciki, jini ya ɓalle inda ido ba ya gani.

Yanzu ga inda na fi jin ciwo, wato hannunmu. Mun tashi mun ga ana zuba wa ciwon dabba baƙin mai, ko man birki, ko toka, ko kanwa, ko a fasa kafso mai ja da ɗorawa a barbaɗa. In tsutsa ta shiga, a ɗauko fiya-fiya a tsiyaya. Ban ga laifin wanda ya yi don neman sauƙi ba, domin rashin asibiti kusa ne ya koya wa mutane haka. Amma gaskiya a faɗe ta. Baƙin mai da man birki guba ne, suna ƙona sabon nama, kuma karya za ta lasa ta haɗiye. Fiya-fiya na ratsa fata ya shiga jini, ana iya ganin dabba tana dalalar da yawu tana karkarwa har ta mutu, a ce tiyata ce ta kashe ta. Toka da garin kafso kan yi ɓawo a sama su rufe mugunya a ƙasa. Hatta abubuwan da ake saye a kemis da sunan tsabta, irin su sifirit da haidurojin da Dettol mai kauri, suna kashe ƙananan ƙwayoyin halittar da ke saƙa sabon nama, su jinkirta warkewa. Ɗinkin da ya bushe, gefensa ya haɗu, ba ya wari, a ƙyale shi kawai. In ƙasa ta taɓa shi, a tafasa ruwa kimanin rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda, a zuba ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri, a bari ya huce, a jiƙa auduga a ɗan daddanna, a tsane. In likita ya ba da maganin fesawa mai korar ƙuda, a bi yadda ya ce. Tsutsa kuwa aikinsa ce: da hantsaki ake zare su ɗaya bayan ɗaya, a wanke ramin, a yi allura.

Maganin ciwo ma haka. Karya na jin zafin tiyata sosai, ko da ba ta yi kuka ba, kuma hakki ne a ba ta abin da zai rage mata. Likitoci na da nasu, irin su meloxicam, da awon da ya dace da nauyinta. Amma ibuprofen da diclofenac da muke ajiyewa a gida suna huda tumbin kare su lalata masa ƙoda, kuma farasitamol in an wuce awo hanta yake taɓawa. Kada a ba ta ko ƙwaya ɗaya ba da izinin likita ba. Idan ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ƙarasa shi har ranar ƙarshe.

Daga Wushishi zuwa Minna, ta Zungeru, tafiya ce da ta haura awa guda a mota, kuma ba kowa ke son hawa hanya da dare ba a wannan zamani. Wannan nisa shi ya sa idon mai karya ya zama wajibi. Safe da yamma, cikin hasken rana, a kwantar da ita a gefe a duba. Mai wayar hannu ya ɗauki hoto kullum, domin canjin da ido ke mantawa hoto na riƙewa, kuma ana iya tura wa likita ta WhatsApp ya faɗi ko a zo ko a jira. Jan da ke raguwa kowace rana alheri ne. Jan da ke faɗaɗa, ko mugunya, ko wari, ko gefen da ya soma rabuwa, kira ne. A ɗaga leɓenta a dubi dasashi: lafiyayye ja-ja ne mai haske, in aka danna da yatsa ya yi fari, ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Dasashin da ya ɗashe, tare da ciki mai kumburi da numfashi sama-sama, musamman a daren farko, alamar zubar jini ce a ciki, kuma wannan ba ya jiran gobe. Zafin jikin kare tsakanin digiri 38 ne da 39 da ɗan ɗori. In ya haura 39.5 akwai zazzaɓi.

Kumburin da kan fito ƙarƙashin ɗinki bayan 'yan kwanaki yana rikita mutane. Wani lokaci ruwa ne kawai ya taru saboda yawan motsi, mai laushi, ba ya mata zafi, kuma jiki kan shanye shi in ta huta. Wani lokaci kuma ɗinkin ciki ne ya saki, kitse ko hanji ya turo ƙarƙashin fata. Mutumin gida ba zai iya rarrabewa da tabbas ba, don haka kada a matsa, kada a huda da allura, a nuna wa likita. In kuma abin da ake gudu ya faru, ciki ya buɗe har wani abu ya leƙo, kada a tura shi ciki. A jiƙa tsabtataccen ƙyalle da ruwan gishirin nan, a rufe, a naɗe cikin da zani ba tare da matsewa ba, a hana ta kai baki, a kama hanya. Karnuka da yawa na rayuwa bayan haka in an isa da wuri.

Batun ci ba shi da wahala. Daren farko ruwa kaɗan-kaɗan da rabin abincin da ta saba. Amai sau ɗaya saboda allurar barci ba komai ba ne, haka ma jinkirin kashi na kwana biyu. Amma in ta kwana ta yini ba ta yi fitsari ba, ko ta shiga kwana na biyu ba ta ci komai ba, a kira likita. A hunturu a rufa mata buhu a daren farko, domin allurar barci na sa jiki ya kasa riƙe ɗumi.

Jinya na buƙatar hannu, kuma a gidajen Musulmi da yawa ana ƙyamar taɓa kare. Yana da kyau a tuna cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta riƙe shi don farauta da kiwo da tsaron gona. Hadisi ingantacce ya ba da labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ajiye dabba tana masa gadi, ya kai ta aka tsaga mata ciki, amanar jinyarta na wuyansa. Safar hannu ta roba da sabulu sun isa su kwantar da hankalin mai ƙyama. Sai dai a yi hattara, dabbar da ke jin zafi tana iya cizon ubangidanta. Mutum biyu su yi dubawar, a ɗaure bakinta da tsumma na ɗan lokaci in ta nuna alamar faɗa, yara su tsaya nesa. In ta ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasin ciwon haukan kare na kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare. Tunda an riga an je wurin likita, a tambaye shi ya yi wa karyar allurar rigakafin cutar, irin wadda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, take haɗawa.

Wani ɓangare na sauƙin jinya tun kafin a sa wuƙa ake sayen sa. Likitoci sun fi son a yi aikin wata biyu zuwa uku bayan lokacinta ya wuce, saboda jijiyoyin mahaifa sun lafa, jini ba ya yawa. In da zaɓi, watannin sanyi daga Nuwamba zuwa Janairu sun fi tsakiyar damina sauƙin ƙuda, sun kuma fi zafin Maris da Afrilu, lokacin da karya mai bokiti a wuya cikin rufaffen ɗaki za ta sha wahala. A tabbatar mai aikin likitan dabbobi ne mai rajista, wanda ya fito daga makaranta irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, domin buɗe ciki ya wuce aikin mai sayar da maganin shanu a kasuwa. Sannan a gaya masa gaskiya cewa gida da nisa, karyar kuma a waje take kwana. A birnin Jaipur na Indiya, inda ƙungiyar Help in Suffering ta fara yi wa karnukan titi tiyata da rigakafi tun 1994, ƙaramin yanka ake yi ta gefen ciki, a ɗinke da zaren da ke narkewa a ɓoye shi cikin fata, bayan 'yan kwanaki a mayar da karya unguwarta. Ba kowane likita ke bin hanyar gefe ba, amma ɓoyayyen ɗinki abu ne da za a iya roƙa: babu ƙullin da haƙori zai kama, kuma babu tafiya ta biyu zuwa Minna don cire zare.

Idan zaren waje aka yi amfani da shi, tsakanin kwana 10 da 14 ake cirewa, kuma likita ko ma'aikacinsa ne zai cire, bayan ya duba ya ga gefen ya kama. A bar bokitin kwana ɗaya ko biyu bayan nan, saboda ramukan zaren kan yi ƙaiƙayi. Gadi za ta koma nan da nan, haushinta da kaifin hancinta ba a mahaifa suke ba. Abin da kan canza shi ne jikinta ya rage buƙatar abinci, don haka mai yawan zuba mata tuwo da romo ya ɗan rage in ya ga ta soma ƙiba. Farauta da gudun daji kuwa a ɗaga mata ƙafa har wajen mako shida, lokacin da farar jijiyar ciki ta yi ƙwarin da za ta ɗauki tsalle.